Jirgin Yaya Bayan An Gina Gada

Koramar garinmu wata uku take yi tana amsa sunanta. Sauran shekara yashi ce, jakuna na birgima a ciki, mata na tona gefenta su ɗebi ruwan wanki. Amma da damina ta kankama sai ta cika, ta raba mu da hanyar Bande, da kasuwa, da likita, da duk abin da mutum zai tashi nema da sassafe. Gidanmu shi ne gidan fito, kuma da waɗannan watannin muke taƙama har wata shekara.

Kakanmu ne ya fara. Ban riske shi ba, amma Inna, mahaifiyarmu, ta zo gidan tana amarya yana da sauran ƙarfinsa. Da gora yake fito, ƙatuwar gora da yake nomawa a bayan gida don wannan aikin. Mai hayewa zai tuɓe ya zuba tufafinsa a ciki, ya rungume ta, Kaka ya yi iyo yana tura shi. Mata kuwa ƙanwarsa ce ke hayar da su, can ƙasa bayan kaba. Inna ta ce babu wanda ya san manyan ƙasar nan kamar Kaka. Dogari da mai karɓar haraji da babban malami duk sun tsaya gabansa da ɗan bante suna rawar sanyi, suna yi masa magana da ladabi. Da sun taka tudu sun mayar da riguna, sai su manta da shi har su tashi dawowa.

Baba ya ga gora ta tsufa. Ya samo tano, wato gangunan mai, ya ɗaure su, ya shimfiɗa katako a kai, ya ja igiya daga gawon gefenmu zuwa wata giginya a hayin. Tun daga nan aka daina tuɓewa. Abin da ya maye gurbin tuɓewar shi ne jira, domin Baba ba ya tashi sai katako ya cika. Ko mutum ya zo da ciwon haƙori, sai ya zauna ya saurari labarin farashin gyaɗa har Allah ya kawo masu awaki.

Mu biyu ne maza a gidan. Shekarar da aka ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya a kai lakwal, wato makarantar boko, Baba ya jefa mu ruwa ni da Yaya, ya tsaya yana kallo. Yaya ya fito a hayin, ni kuma aka tsamo ni. Haka na zama malamin makaranta, Yaya ya gaji sana'a. Har yau in ya kira ni Mushe, kamar yadda ƴan lakwal ke kiran malaminsu, sai na ji wannan ruwan a hancina.

Yaya ne ya kawo jirgi na gaske. Ya sayar da bijimi, ya tsallaka Najeriya wajen dangin Inna, ya dawo da kwale-kwalen katako a saman kamiyo. Tun daga Magarya yara ke bin motar. Ranar da aka saka shi a ruwa ya yi wa kowa fito kyauta, kuma bai sake yin wannan kuskuren ba.

Maganar gada kuwa tun muna yara ake yin ta. Duk lokacin zaɓe sai ƴan takara su zo, Yaya ya hayar da su, su tsaya gindin gawo su yi alkawarin gada. Babu mai tafa musu kamar Yaya. Na taɓa tambayarsa ko bai san abincinsa suke alkawarin kashewa ba. Ya ce, "Mushe, ka bar ni in tafa. Mutanen nan na san su, ni nake hayar da su. Ba za su yi ba."

Ba su ɗin suka yi ba. Wani furoje ne na raya ƙasa da ba wanda ya zaɓa ya zo da injuna da siminti, kafin a ankara gada ta tsaya. Ranar buɗewa aka ba Yaya kujera a layin gaba, aka ce shi ne tarihin wurin. Wani mai jawabi ya nuna shi ya ce daga yau an yi bankwana da wahala. Jama'a suka tafa. Yaya ma ya tafa, amma a hankali.

Aka kife jirgi a gindin gawo, kaji suka mayar da ƙarƙashinsa wurin ƙwai. Yaya ya gwada kabu-kabu da moto ta aro, wato babur, sai dai hannunsa ya saba da ruwa, inda in ka karkata abin hawa yakan bi ka sannu-sannu. Moto ba ta da wannan haƙurin. Bayan ya zubar da wani mai sayar da manja a cikin yashi, ya mayar da ita. Ya koma zama a zaure yana gyara wa kowa magana. Matarsa, wadda a da take soya awara a mashigi tana sayar wa masu jira, ita ma gada ta kwashe mata ciniki, don babu mai tsayawa cin awara a kan hanyar da ba a jira.

A damina ta biyu bayan gada, ina gida hutun makaranta, sai ga wasu ƴan mata daga Magarya sun dawo daga kai amarya. Suka tsaya kan gada suna ɗaukar hoto da salula. Ɗaya ta hango jirgin, suka gangaro, suka tambayi mai shi. Yaya ya fito yana gyara hula.

"Baba, za ka ɗauke mu?"

"Ina za ku?"

"Ba inda za mu."

Yaya ya dube ni, na dube shi. Ya ce musu ga gada nan, kyauta ce. Suka ce su jirgi suke so. Ya kori kaji, muka juya jirgin, muka tura shi ruwa. Ya kai su hayin kai tsaye kamar yadda ya saba, ya dafe bakin gaɓa da sanda, ya ce sun iso. Babu wadda ta motsa. Suka ce ya yi can da su, wajen furannin bado. Daga bado suka ce ƙarƙashin gada. Yana tuƙi yana gunaguni, su kuma suna ta miƙa hannu cikin ruwa suna dariya.

Da suka sauka, Yaya ya rasa me zai ce su biya, tunda bai kai su ko'ina ba. Matarsa ce ta tare su, ta faɗi abin da ta ga dama, suka miƙa ba ciniki. Ta kuma sayar musu da awarar da ta soya wa yara. Da suka tafi ta ce da ni, "Kai da ka yi boko, me ake kiran mutumin da ya biya kuɗi a dawo da shi inda aka ɗauko shi?"

Na ce turis.

Ta ce, "To Allah ya yawaita mana su."

Cikin ƴan kwanaki jirgi ya sha fenti kore da fari. Aka kafa masa rumfa da tamfal, aka ɗaure kujerun roba a ciki. Yaya ya samo wata farar hula mai baki a gwanjon Magarya, ya ce daga yanzu Kapiten za a riƙa kiransa. Inna ta ce ita dai sunan da aka raɗa masa da rago ta sani.

Sai Yaya ya juyo kaina. Ya ce ya ji labari a Yamai masu irin wannan jirgi suna da mutum mai bayani, yana nuna wa baƙi abubuwa. Tunda ni nake koyar da tarihi da labarin ƙasa, kuma hutu nake, ba ni da hujja. Na ce me zan nuna? Ya ce in buɗe ido.

Na buɗe. Daga mashigi zuwa inda ruwa ke ƙarewa cikin ciyawa akwai gawo, da gonar raken maƙwabcinmu, da injin ban-ruwa da ya mutu tun ina saurayi, da cikin gada, da wani tudun yashi inda jakin wani ke kiwo. In an yi sa'a a ga balbela. Na shirya bayanina tsakani da Allah. Na yi maganar yadda ruwa ke gangarowa daga tudu, da dalilin da rake ke son fadama, da gorar Kaka da tanon Baba. Baƙin farko, wasu samari daga Dungas, suka saurare ni kamar ƴan ajin da aka hana fita shan iska.

Da yamma Yaya ya ce, "Tarihinka ba gishiri. Ina kada?"

"Wane kada?"

"Wanda Kaka ya yi kokawa da shi."

Na ce ban taɓa jin wannan ba. Muka je gaban Inna. Ta ce ita dai abin da ta sani, Kaka ya taɓa hawa rumbu saboda guza ya shigo gida. Yaya ya ce ai guza da kada ƴan gida ɗaya ne. Na ƙi, na ce ni malami ne, ɗalibaina na iya shigowa jirgin. Muka shirya a kan cewa ni zan faɗi nawa, shi kuma in an zo ƙarƙashin gada, inda murya ke amsawa, zai faɗi nasa. Kadan ya fara da tsawon mutum. Kafin ƙarshen damina sai da ya kai tsawon jirgin, ya haɗiye ɗan maraƙi, kuma yana da tabo a ido ɗaya. Ban taɓa jin baƙo ya tambaye ni ƙarin bayani kan fadama ba, amma kowa yana so ya san wane idon.

Gari ya shiga sana'ar ba tare da an gayyace shi ba. Mai rake ya kafa benci a bakin ruwa yana miƙo kara. Mai jaki ya ce in za a ci gaba da ɗaukar hoton dabbarsa, a san da shi. Wani tsoho da ya saba wanka a bayan injin ya kai ƙara wajen mai gari cewa an mayar da shi abin kallo. Dattawa suka yi zama kan ko ya dace mutum ya hau ruwa ba da wata buƙata ba. Aka wakilta liman ya je ya gani da idonsa. Ya shiga, aka zaga da shi, aka dawo. Sai ya ce bai gama fahimta ba, a sake zagawa. Daga nan ba a ƙara tayar da maganar ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki mutanen garinmu ne. Sun yi shekaru suna haye ruwan nan da buhu a ka da zullumi a ciki, ba wanda ya taɓa zama a kansa haka kawai. Wata Juma'a Inna da ƙawayenta suka sa tufafin biki suka shiga. Ba su so bayanina ba, ba su so kadan Yaya ba. Suka zauna suna nuna wa juna gonakin mutane daga wajen da ba su taɓa ganinsu ba, suna faɗin wanda ya yi noma da wanda ya yi lalaci.

A ƙarshen damina ta uku da fara yawon, ruwa ya soma ja. Yaya ya riga ya ce a ƙarshen mako zai fitar da jirgi. Sai ga saƙo daga Magarya: wani babban ma'aikaci zai yi ritaya, abokan aikinsa na so su yi masa walima a kan ruwa. Matar Yaya ta ce ya ba su haƙuri, ko yaro ya san korama ta sauka. Yaya ya ce bai taɓa mayar da baƙo ba, balle manya. Ya aika a wanke hula.

Suka zo ranar kasuwar Bande da hantsi, cikin shadda da takalma masu ƙyalli. Babu ramamme a cikinsu. Suka shigo da gasasshen rago a faranti da akwatin ƙanƙara. Kafin a tashi sai da aka ɓata lokaci kan wanda zai zauna gaba, aka ƙare da mai ritaya a kujerar farko, mataimakinsa a bayansa, sauran kowa gwargwadon muƙaminsa. Na ga bakin jirgi ya kusa shan ruwa. Na dubi Yaya, ya kau da kai.

Mun wuce gawo lafiya, mun wuce rake. Ina cikin bayanin injin ban-ruwa sai na ji ƙasan jirgi ya yi wani gurnani, muka tsaya cak. Yaya ya kafa sanda ya tura har jijiyar wuyansa ta fito. Jirgi bai san yana yi ba. Mun hau yashi a tsakiyar korama, daidai inda duk wanda ke kan gada zai gan mu.

Mai ritaya ya ce, "Kapiten, lafiya?"

Yaya ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Nan mukan tsaya a sha iska." Ya juyo ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ci gaba da magana."

Na ci gaba. Na gama injin, na koma gora, na yi tano. Na shiga tarihin Damagaram, na fito, na yi noman gyaɗa. Har kadan Yaya na ara, ni da na rantse ba zan taɓa shi ba, na ƙara masa haƙora. Suka ci rago, suka sha lemo, rana ta take. Sannu a hankali kowa ya gane, amma ba wanda ya furta.

Ruwan bai wuce ƙwauri ba. Da mutum biyu sun sauka, da jirgi ya taso. Sai dai mataimaki ba zai tuɓe takalmi ya naɗe wando shugabansa na zaune ba, kada a ce ya gudu ya bar shi. Shugaba kuma ba zai fara sauka ba, don a kan gada mutane sun yi layi, kowa da salula a hannu. Ƙananan cikinsu na jiran umarni. Ni na yi niyyar sauka, Yaya ya riƙe mini riga ya ce in na taka ruwan nan kowa zai ga iyakarsa.

Bai daɗe da faɗin haka ba sai ga wasu mata masu tallan nono sun gangaro. Gada ta cika da ƴan kallo, sun ga ba za su iya kutsawa da ƙwarya a ka ba. Suka ɗan ɗage zane, suka ratso ruwa, suka wuce ta gefenmu.

"Sannunku da hutawa, Alhazai."

Manya suka amsa, "Yauwa, sannunku."

Matar Yaya ce ta kawo ƙarshen abin. Ta aika aka kira wani mai amalanken shanu, ya shigo da su cikin ruwa har gefen jirgi. Nan ma sai da aka yi shawara: a fara da babba don girmamawa, ko a bar shi ƙarshe don kada a ce shi ya fi kowa tsoro? Aka fara da farantin rago. Da amalanke ya kwashe rukunin farko, jirgi ya taso da kansa, amma ba wanda ya yarda ya zauna. Duk suka fita a kan amalanke, suna riƙe da juna, shanu na tafiya yadda suka ga dama. Mai ritaya ya yi mana godiya a bakin gaɓa, ya ce bai taɓa jin tarihi mai tsawo haka ba.

Yaya ya kwana biyu bai fita ko masallaci ba. Hoton ya zaga salular mutane har dangin Inna na Najeriya suka kira suna tambaya. Ya ce ya gama, sana'ar gidanmu ta mutu a hannunsa, kuma a gaban gada. Na tausaya masa da gaske. Ban taɓa ganinsa ya zauna ba ya gyara wa kowa magana ba sai a wannan lokacin. Ya rataye hula a ƙusa, rani ya wuce bai taɓa ta ba.

Da ruwa ya dawo, matarsa ta sa yara suka tura jirgi ba da izninsa ba. Motar farko da ta tsaya daga Damagaram take. Suka ce a kai su inda manya suka maƙale. Yaya ya fito ya ce yanzu ruwa ya cika, ba a maƙalewa. Suka ce to ba su shiga. Ya tsaya yana kallonsu, ya koma ciki, ya fito da hula a kansa. Ranar sai da ya nemi tudun yashi da gangan ya hau da jirgi, mutumin da ya yi shekaru yana alfaharin bai taɓa goga ƙasa ba. Baƙi suka yi ta murna. Suka tambayi amalanke, aka je aka kira mai shi. Yanzu mai amalanken yana da rabonsa a kowace fita, ya ma saya wa shanunsa ƙararrawa.

An mayar da ni aiki Dungas, ban cika samun zama a gida duk hutu ba, sai babbar ƴar Yaya ta karɓi bayani. Ta fi ni murya, kuma ba ta da damuwar da nake da ita game da kada. Mijinta ke riƙe sanda, Yaya na zaune a baya yana ba da umarnin da ba a bi.

Bara ya kira ni ya ce yana so a rubuta a jikin jirgi shekarar da gidanmu ya fara fito, kamar yadda manyan kamfanoni ke yi. Na ce ba wanda ya san shekarar. Muka tambayi Inna, ta ce ita da ta zo ta tarar ana yi. Yaya ya ce to a rubuta abin da aka tabbatar. Mai fenti ya zo ya rubuta da manyan baƙaƙe: TUN KAKA MUKE FITO.

Baƙi na karantawa su ce, ashe sababbi ne, bana da kaka suka fara. Wasu su tambaya wane irin fito ake yi da kaka, bayan ruwa ya ƙafe. Na ce masa a ƙara harafi uku a gyara, ya zama kakanmu. Ya ce fenti ya ƙare, kuma duk wanda ya tsaya tambaya ya riga ya sa ƙafa ɗaya a jirgi.